Tarin da ya ƙi jin magani: Darasi daga ƙurar kasuwannin Potiskum

Abubuwa uku ne suka ɗaga sunan Potiskum a Arewa: kara, hatsi da manyan motoci. Kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, daga cikinta ake loda tireloli zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Kasuwar hatsi kuma tana tara gero da dawa da wake da riɗi daga ƙauyukan Fika da Nangere da Fune, har da na maƙwabta a jihohin Bauchi da Gombe. Kasancewar garin a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ya sa kaya ba sa yankewa, rani da damina.

Duk waɗannan sana'o'i na majiya ƙarfi ne. Ɗan dako mai saɓa buhu, da mai jidar harawa, da mai injin casa, da yaron motar da ke kankare kashin shanu daga bayan tirela, babu rago a cikinsu. Sai dai dukkansu a cikin ƙura suke wuni, kuma ƙurar ba ta ƙasa ba ce kaɗai. A cikinta akwai irin fumfuna, wato wannan baƙi-baƙi ko kore-koren abu da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu, ko hatsin da aka adana da danshi, ko bangon da ruwa ya jiƙa.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa fumfuna ba ta kama huhu sai na wanda garkuwar jikinsa ta rushe: mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, mai sankarar jini, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa labarin bai tsaya nan ba. Mai cikakkiyar garkuwa ma tana iya kama shi, kuma idan ta kama shi a ƙasa irin Najeriya, galibi da sunan tarin fuka ake yi masa magani.

Abin da ake shaƙa kullum

Fumfunar da ta fi addabar huhun ɗan Adam ita ce wadda masana ke kira Aspergillus, sunan da wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, ya raɗa mata a 1729. Tana rayuwa a ƙasa, da juji, da takin gida, da ruɓaɓɓiyar ciyawa, da rumbun hatsi. Irinta ƙanana ne ƙwarai, faɗin kowanne bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin dubu na milimita ba, don haka gashin hanci ba ya tare su, har can ƙarshen huhu suke isa. Nau'inta mafi haɗari yana jure zafin da ya kai digiri 50, shi ya sa yake bunƙasa a cikin tulin taki mai tururi, kuma ɗumin jikin mutum ba ya hana shi tsiro.

Kowane mutum yana shaƙar ɗaruruwan irin nan a kullum, ko yana Potiskum ko yana Maitama. A mafi yawan lokuta babu abin da ke faruwa. Majina tana kama su, ƙananan gasun da ke cikin hanyar iska suna turo su sama, waɗanda suka tsallake kuma dakarun jini su cinye su. Saboda haka ba kowane mai aiki a ƙura ne zai kamu ba, mafi yawansu ma har su tsufa ba za su san da zamanta ba.

Amma ƙididdigar duniya ta nuna waɗanda ke kamuwar ba 'yan kaɗan ba ne. A 2024, Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester a Ingila ya wallafa kiyasin cewa mutum miliyan 6.5 ne ke kamuwa da cututtukan fumfuna masu shiga cikin jiki a kowace shekara, kuma miliyan 3.8 daga cikinsu suna rasuwa, miliyan 2.5 kai tsaye saboda cutar. Tun kafin nan, a watan Oktoban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na nau'o'in fumfuna 19 da suka fi barazana ga jama'a, ta kuma sanya Aspergillus a cikin huɗun da ke rukunin farko.

Ga mai cikakkiyar garkuwa, ƙofofi uku ne cutar ta fi bi ta shiga.

Ƙofa ta farko: yawan abin da aka shaƙa

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Huhun da ke iya share ɗaruruwa a wuni ba lallai ne ya iya da miliyoyi a cikin mintuna kaɗan ba. A 2008, mujallar likitoci ta Lancet ta ba da rahoton wani magidanci ɗan shekara 47 a Ingila, wanda ya buɗe buhunan ruɓaɓɓen ganye da itace don zuba wa lambunsa, ƙura ta turnuƙe shi. Cikin 'yan kwanaki numfashinsa ya sarƙe, ya rasu a asibiti, gwaji kuma ya nuna Aspergillus ce.

Akwai wasu nau'o'in da ba su ma buƙatar samun rauni a jiki. A 2023, ma'aikata 162 na wata masana'antar takarda a garin Escanaba na Jihar Michigan a Amurka sun kamu da wata fumfunar huhu, ɗaya ya rasu. A jihohin Arizona da Kalifoniya, masu ƙarancin ruwan sama da yawan ƙura kamar Yobe, akwai wata da ke kwance a cikin ƙasa, iska da aikin gini su tayar da ita. Kimanin mutum 20,000 ake samu da ita a Amurka duk shekara, da yawansu manoma da magina masu jini a jika. Wannan nau'in na nahiyar Amurka ne, amma darasinsa na kowa ne: busasshiyar ƙasa ba ta hana fumfuna zama.

Najeriya ma tana da nata. A 1994 masu bincike sun ba da rahoton gano fumfunar Histoplasma a cikin ƙasar da ta cakuɗe da kashin jemagu a kogon Ogbunike na Jihar Anambra. Dangin wannan fumfuna suna son duk inda kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana taruwa, kamar akurkin kaji, da ɗakin tattabaru, da silin ɗin tsohon gini.

Idan aka dawo Potiskum, wuraren da ƙura ke yin kauri sanannu ne. Harawar da aka ɗaure tun kaka ruwan ƙarshe ya taɓa ta, sai an zo kwance ta a bazara take tashi kamar hayaƙi. Haka ƙasan rumbu idan an zo share shi, da siton da aka rufe watanni, da tulin takin da ake haƙa ana lodawa zuwa gona kafin saukar damina. Masu waɗannan ayyuka kan ɗaure hanci da bakin rawani ko tsumma, wanda ke tare ƙaiƙayi amma ba ya tare abin da ido ba ya gani.

Ƙofa ta biyu: tabon tarin fuka

Wannan ita ce ƙofar da ta fi faɗi a Najeriya. Ƙasar ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, wanda wasu ke kira tibi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu a 2023. Ana ba da maganin kyauta na wata shida, kuma mafi yawan waɗanda suka sha shi yadda ya kamata suna warkewa. Sai dai cutar takan bar kogo a cikin huhu, rami mai ɗumi da danshi wanda jini ba ya zagaya shi sosai, don haka dakarun jiki ba sa isa cikinsa.

Idan irin fumfuna ya faɗa wannan kogo, sai ya tsiro. Wani lokaci ya dunƙule kamar ƙwallo, wani lokaci ya riƙa cin gefen ramin yana faɗaɗa shi a hankali, wata da watanni ko shekaru. A wasu mutanen takan ƙara sauri, ta kutsa cikin naman huhu a cikin makonni. Idan ta ci jijiyar jini, mutum na iya yin aman jinin da zai kai shi lahira a dare ɗaya.

Akwai bincike a kan wannan a cikin gida. A 2017, Dakta Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun wallafa sakamakon gwajin marasa lafiya 208 waɗanda ake yi wa maganin tarin fuka, ko dai ba a ga ƙwayar cutar a kakinsu ba, ko kuma maganin ya ƙi karɓar su. Kusan kashi 9 cikin 100 fumfuna ce ke cin huhunsu. Abin lura shi ne, adadin ya fi yawa a cikin waɗanda ba su da cutar ƙanjamau, wato waɗanda ake ɗauka garkuwarsu lafiya lau take. A Gulu ta arewacin Yuganda ma, wani binciken da aka wallafa a 2019 ya samu cutar a jikin kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka gama maganin tarin fuka, sannan a cikin masu kogo a huhu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Ƙofa ta uku: mura mai tsanani da magungunan kemis

Akwai kuma lokacin da garkuwar mutum lafiyayye ke yin rauni na ɗan lokaci. Mura mai tsanani takan ɗaye fatar hanyoyin iska, ta bar su kamar gonar da aka yi wa huɗa. A 2018, likitoci a Holan da Beljiyam sun bibiyi marasa lafiya 432 da mura ta kai sashen kulawa ta musamman. Kashi 19 cikin 100 sun kamu da Aspergillus mai kutsawa cikin huhu, kuma ko a cikin waɗanda ba su da wata matsalar garkuwa, adadin ya kai kashi 14. Kusan rabin waɗanda suka kamu ba su tashi ba. An sake ganin irin haka a lokacin korona.

Indiya ta ga abin da ya fi wannan muni a 2021, lokacin da wata baƙar fumfuna ta kama mutum fiye da 40,000, ta ci hanci da ido da huhu. Abubuwa biyu ne suka share mata fage: ciwon suga da ba a kula da shi ba, da yawan amfani da magungunan kashe kumburi irin su deksametazon, waɗanda ke danne garkuwar jiki.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A garuruwan Arewa ana sayen deksametazon da firedinisolon a kemis ba tare da takardar likita ba. Wasu na sha don ƙiba, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu kuma a cikin haɗin ƙwayoyin gajiya ake ba su, ba su ma san abin da suka haɗiya ba. Lebura da ya yi watanni yana shan irin wannan haɗi don ya iya fita aiki, a ido ƙaƙƙarfa ne, amma ƙofar gidansa a buɗe take.

Kama da wane ba wane ba ne

Alamomin fumfunar huhu su ne tari na watanni, rama, kasala, zufar dare, ciwon ƙirji da kaki mai jini. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ji wannan jeri, tarin fuka zai fara kawowa a ransa, kuma yana da gaskiya, domin shi ne ya fi yawa. Matsalar tana farawa ne daga mataki na gaba.

A ɗauki misalin ɗan dakon da ya gama maganin tarin fuka shekara biyu da suka wuce, yanzu tarin ya dawo. Za a gwada kakinsa da na'urar GeneXpert. Idan ba a ga komai ba, sai a ɗauki hoton ƙirji, hoton kuma ya nuna kogo da tabo. Ƙa'ida ta ba likita damar ya fara magani bisa alamomi da hoto ko da ba a ga ƙwayar cutar ba, kuma a duniya baki ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku na masu tarin fukan huhu ta wannan hanya ake tantance su. Hikima ce da ta ceci rayuka masu yawa, amma a cikin wannan rukuni ne masu fumfuna ke ɓacewa.

Sai mutum ya sake shan ƙwayoyi wata shida, magungunan da ba su da wani tasiri a kan fumfuna. Idan bai samu sauƙi ba, a zarge shi da tsallake magani, ko a fara tunanin tarin fuka mai bijire wa magani. A gida an ware masa kwano da ɗaki, alhali fumfunar huhu ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙarfi ya tafi, aiki ya tsaya, an sayar da ɗan abin da aka mallaka. Daga nan wasu kan yanke cewa ciwon ba na asibiti ba ne, su koma neman maganin sammu.

Akwai wani ƙulli kuma. Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta narkar da babban maganin fumfuna kafin ya yi aiki. Don haka ba a iya haɗa su biyun kara zube a ce wanda ya dace ya ci. Dole sai an san takamaiman cutar da ake yaƙa.

Gwaji da magani

Gano cutar da ke biyo bayan tarin fuka bai kai wahalar da ake zato ba. Ana haɗa abubuwa uku: alamomin da suka kai wata uku, hoton ƙirji mai nuna kogo, da gwajin jini mai nuna cewa jiki yana yaƙi da Aspergillus. Akwai nau'in gwajin da ke kama da na zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini a kan ɗan tsinke, sakamako cikin kusan rabin awa, ba ya buƙatar babbar na'ura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka gwajin Aspergillus a jerin muhimman gwaje-gwajen da take ba ƙasashe shawarar su tanada. Nau'in cutar mai saurin kisa shi ne ke buƙatar hoton CT da zura na'ura cikin huhu, aikin manyan asibitoci.

Magungunan su ne itirakonazol da borikonazol, waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na hukumar tun 2017, sai allurar amfoterisin B ga wanda ciwon ya yi wa tsanani. Ana shan ƙwayoyin aƙalla wata shida, sau da yawa shekara guda, tare da duba lafiyar hanta. Wani lokaci sai an yi tiyata an cire ɓangaren huhun da ya lalace.

A nan bambancin yake. Maganin tarin fuka kyauta ne, yana da shirin ƙasa da rajista da ma'aikatan bibiya. Na fumfuna kuwa daga aljihun majinyaci yake fita. Mazaunin Potiskum da ciwonsa ya buƙaci ƙwararren likitan ƙirji, tafiya ce a gabansa: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, mai nisan kusan kilomita 100, ko asibitocin tarayya na Nguru da Azare da Gombe, ko na koyarwa a Maiduguri da Kano. Kuɗin mota da masauki da na mai jinya kaɗai sun isa su sa mai cin abinci daga aikin yini ya haƙura.

Abin da ke hannun Abuja

Mafi yawan gyaran da ake buƙata a kan tebur ake yin sa, kuma teburan suna Abuja. Shirin Yaƙi da Tarin Fuka da Kuturta na Ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, yana da cibiyoyi a ƙananan hukumomin ƙasar nan. Ba sai an gina sabon tsari ba. Layi ɗaya a cikin ƙa'idar aiki zai wadatar: duk wanda ya taɓa yin tarin fuka, tari ya dawo masa, GeneXpert ba ta ga komai ba, a yi masa gwajin fumfuna kafin a mayar da shi kan magani. Kowane mutum da aka gano ta haka, an tsimin maganin wata shida da za a ɓata a kansa.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Tambayar da ta dace mai taimaka wa ɗan majalisa ko jami'in kasafi ya yi ita ce, shin gwajin fumfuna da magungunanta suna cikin abubuwan da waɗannan asusu ke biya? Hukumar NAFDAC da Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna suna da hurumin tsaurara sayar da deksametazon. Hukumar NCDC kuma ita ce mai alhakin ƙirga cututtuka, kuma cutar da ba ta shiga rajista ba, da wuya ta shiga kasafi.

Malaman gona su ma suna da rawar takawa. Hatsin da ya bushe sosai kafin a zuba shi a buhu, da sito mai iska, da buhunan da ba sa shan iska irin na adana wake, duk suna rage fumfuna. Riba biyu ce, domin wani nau'in Aspergillus ɗin ne ke zuba gubar afalatoksin a gyaɗa da masara, gubar da ke jawo sankarar hanta, take kuma sa a dawo da kayan Najeriya daga kasuwannin waje.

Ga mai aiki a ƙura, da mai ɗan'uwa a gida

Kafin a share rumbu ko akurki ko a haƙi taki, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. A kwance harawa a fili, ana ba iska baya. Takunkumi mai matse fuska irin na N95 ya fi tsumma nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko mai asma, ko mai ciwon suga, ya fi dacewa a ba shi wani aikin a ranar shara. Gidan da ambaliya ta shiga, kamar yadda ta faru a Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, a bar shi ya bushe, a kankare baƙin da ya fito a bango, a zubar da katifar da ta yi fumfuna. Ma'aikacin ofis ma bai tsira ba: ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli da ruwa ke yoyo, da na'urar sanyaya ɗakin da ba a wanke ba, duk matattara ce.

Duk tarin da ya kai mako biyu, matakin farko shi ne gwajin tarin fuka, kyauta ne, kuma ana iya kiran layin 3340 don sanin cibiya mafi kusa. Amma idan an gama magani tari bai tafi ba, ko ya dawo da jini alhali gwaji bai nuna komai ba, to majinyaci da danginsa suna da haƙƙin tambayar likita ko an duba fumfuna. Ma'aikacin da ke Abuja, wanda daga albashinsa ake aika kuɗin asibitin ƙani ko kawu a Potiskum, shi ya fi kowa damar yin wannan tambaya kafin a fara zagaye na biyu na magani.